Yadda ƙwayoyin jikin tsutsa ke sanin abin da za su zama

Ƙwayar halittar da ke cikin hanjin dabba da wadda ke cikin jijiyarta DNA ɗaya suke ɗauke da shi, harafi da harafi. Duk da haka ɗaya narkar da abinci take yi, ɗaya kuma tana jin ɗanɗano ko zafi. Bambancin yana wajen guraben gadon da kowacce ta kunna da waɗanda ta bari a kashe. Gurbin gado wani yanki ne na DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda, ko wani guntun RNA mai aiki. To wa ke yanke hukuncin gurbin da za a kunna, a wace ƙwaya, kuma a wane lokaci? Babu inda amsar ta fito fili kamar a jikin wata 'yar tsutsa da da kyar ido ke ganinta.

Sunanta Caenorhabditis elegans. Tsawonta milimita ɗaya ne, tana rayuwa cikin ruɓaɓɓun tsirrai tana cin bakteriya. Jikinta garau yake, ana hango kowace ƙwaya a madubin ƙara girma ba sai an yanka ta ba, kuma daga ƙwai zuwa balaga kwana uku ne da 'yan sa'o'i. Sydney Brenner ne ya zaɓe ta don bincike a Kambirij ta Ingila cikin shekarun 1960. John Sulston ya zauna yana kallon ƙwayoyinta suna rabuwa yana zana salsalar kowacce. Shi da Robert Horvitz suka fitar da ta bayan ƙyanƙyasa a 1977, ta ɗan tayi kuma ta biyo baya a 1983. A jikin tsutsa mata-maza, wadda ita ce mafi yawa, ana samar da ƙwayoyi 1090 ban da na haihuwa, 131 su mutu bisa tsari, 959 su rage. Haka abin yake a kowace tsutsa mata-maza. Su ukun sun sami lambar yabo ta Nobel a 2002. A 1998 kuma aka kammala karanta DNA ɗinta, dabba ta farko da aka yi wa haka, aka tarar da guraben gado kusan 20,000.

Irin wannan daidaito zai sa mutum ya ɗauka kowace ƙwaya da makomarta a rubuce aka haife ta, ba ruwanta da maƙwabta. Gwaji ya nuna ba haka ba ne. Ƙwayoyin magana suke yi da juna.

Ƙwayoyi shida da mafitar ƙwai guda

A ƙarƙashin cikin jaririyar tsutsa akwai ƙwayoyi shida a jere, daga P3.p zuwa P8.p. Daga cikinsu ne za a gina mafitar ƙwai, ƙofar da tsutsa ke saka ƙwai ta cikinta. Dukansu shida suna iya yin aikin: idan aka ƙone ta tsakiya da hasken leza tun da wuri, maƙwabciyarta sai ta matso ta maye gurbinta. Amma a tsutsa lafiyayya uku kaɗai ke yi, kuma kullum su ne dai ukun. P6.p tana rabuwa ta ba da ƙwayoyi 8 na tsakiyar mafitar, P5.p da P7.p kowacce ta ba da 7 na gefe, jimilla 22. Sauran kuwa narkewa suke yi cikin babbar ƙwayar fata da ake kira hyp7.

A 1981 Judith Kimble ta ƙone wata ƙwaya ɗaya tak a gaɓar haihuwa, wadda ke zaune daidai saman P6.p, ana kiranta AC. Mafita ba ta samu ba sam, duka shidan suka zama fata. Tsutsar da ba ta da mafita ƙarshenta abin tausayi ne: ƙwai suna ƙyanƙyashewa a cikinta, 'ya'yan su cinye uwar daga ciki. Amma wannan larura ita ta sauƙaƙa binciken, domin ana gane ta da kallo ɗaya, kamar yadda ake gane kishiyarta, tsutsar da ta fitar da mafita barkatai a cikinta. Da waɗannan nakasassun tsutsotsi biyu aka bi sawun saƙon tun daga bakinsa har cibiyar ƙwaya, inda DNA yake.

AC tana fitar da furotin mai suna LIN-3. A fatar P6.p akwai makarɓinsa, LET-23. Da ya kama saƙon sai ya tada LET-60 a cikin ƙwaya, shi kuma ya tada LIN-45, wannan ya tada MEK-2, wannan ya tada MPK-1. MPK-1 ne ke shiga cibiya ya manna wa wasu furotin biyu, LIN-1 da LIN-31, alamar fosfet. Kafin zuwan saƙon, su biyun nan a haɗe suke suna danne guraben gina mafita. Da alamar ta hau su sai su rabu, guraben su kunnu. A 1990 aka gano cewa LET-23 ɗan'uwan makarɓin EGF ne na jikin ɗan Adam (EGF saƙo ne da ke sa ƙwayoyi su girma su rabu), LET-60 kuwa shi ne Ras, furotin da lalacewarsa ke bayan sankara iri-iri, musamman ta gaɓar ciki mai samar da insulin (pancreas). Masu binciken tsutsa da na ƙuda su suka taimaka wajen jera wannan sarƙa daki-daki, abin da likitocin sankara ke amfani da shi har yau.

P6.p ta fi kowa kusa da AC, don haka ita ke samun saƙon da ƙarfi. Sai dai maƙwabtanta ma suna ɗan samu, kuma da a kan kusanci kaɗai aka dogara, da wata rana an sami biyu suna takarar zama tsakiya. Abin da ke hana haka saƙo na biyu ne. Da P6.p ta karɓi matsayinta sai ta fara fitar da nata furotin zuwa gefe biyu, su taɓa makarɓin LIN-12 a jikin P5.p da P7.p. LIN-12 daga dangin makarɓan saƙo da ake kira Notch yake, kuma Iva Greenwald ce ta fayyace aikinsa a shekarun 1980. Hanyarsa gajeriya ce ƙwarai: idan aka taɓa shi, ana yanke jelarsa da ke cikin ƙwaya, jelar ta wuce cibiya kai tsaye ta haɗu da LAG-1 su kunna gurabe. Ɗaya daga cikin guraben shi ne lip-1, wanda furotin ɗinsa ke kashe MPK-1. Wato saƙo na biyu yana toshe kunnen maƙwabta daga jin na farko. P6.p kuma a nata ɓangaren tana janye LIN-12 daga fatarta tana lalata shi, don kada maƙwabta su mayar mata da abin da ta aika musu. Da haka ɗan bambanci ke zama rarrabuwa tsaf.

Nakasar da sai an ɓata abu biyu

Har nan labarin na saƙonni ne zalla. Amma tun farkon binciken akwai wasu tsutsotsi da suka ƙi shiga lissafi. Suna fitar da mafita barkatai, kuma idan aka bincika sai a tarar guraben gado biyu ne suka lalace a jikinsu. In ɗaya kaɗai ya lalace, tsutsa lafiya lau take. Edwin Ferguson da Horvitz sun nuna a 1989 cewa guraben rukuni biyu ne, A da B. Ɓata biyu daga rukunin A, ba abin da zai faru. Ɓata biyu daga B, haka. Sai an haɗa ɗaya daga nan ɗaya daga can nakasar ke bayyana. Abin da ya ƙara ɗaure kai, ko an ƙone AC, waɗannan tsutsotsi ba sa fasa fitar da mafitar.

Da aka fara gano ko su wane ne 'yan rukunin B, sai ga shi ba masu kai saƙo ba ne. A 1998 ɗakin binciken Horvitz ya nuna cewa lin-35 shi ne takwaran Rb, sanannen gurbin da ke hana sankara, wanda lalacewarsa ke jawo sankarar ido ga ƙananan yara. Sauran ma galibinsu masu aiki ne a kan kuromatin.

Ga abin da kuromatin yake. DNA ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya ta wannan tsutsa, da za a miƙe shi, zai kusa santimita 7, ya ninka tsawon tsutsar kanta sau kusan saba'in, kuma dole ya shiga cibiyar da faɗinta 'yan maikuromita ne. Don haka naɗe shi ake yi, kamar dogon zare da aka bi ana naɗawa a jikin ƙananan sanduna, kowace sanda da 'yar tazara tsakaninta da ta gaba. Sandunan furotin ne da ake kira histon, takwas-takwas a dunƙule, kowane dunƙule na ɗaukar haruffa kusan 147. DNA tare da histon ɗinsa shi ne kuromatin. Inda naɗin ya yi sako-sako, furotin masu kunna gurbi suna iya kaiwa ga haruffan. Inda aka tamke shi, ba sa iyawa. Histon suna da 'yan jela da ake manna wa alamu: asetil yakan sassauta naɗi, metil kuma ya danganta da inda aka sa shi. A wurin jelar da ake kira H3K4 ko H3K36 yana tafiya da gurbin da ke aiki, a H3K9 ko H3K27 yana nufin a rufe. Dabbobi masu shayarwa suna da ƙarin hanya, manna metil a jikin harafin C na DNA kansa. Tsutsar nan ba ta da enzayim ɗin yin haka, shi ya sa ake ganin aikin histon a jikinta ba tare da wani abu ya gauraya shi ba.

'Yan rukunin B ma'aikatan rufewa ne. MET-2 yana manna metil a H3K9, HPL-2 yana gane alamar ya zauna a kanta, HDA-1 yana cire asetil, LIN-35 kuma tare da wasu furotin bakwai suna zama ƙungiya guda da ke kama DNA ta danne gurabe masu yawa.

Shekaru da dama zaton da ya fi rinjaye shi ne suna aiki ne a cikin ƙwayoyin nan shida, suna riƙe guraben gina mafita a rufe har sai saƙon Ras ya fi ƙarfinsu. Zato ne mai ma'ana, amma bai dace da wata shaida ba: a cikin fata ake bukatar lin-35, ba a cikin shidan ba. A 2006 ɗakin binciken Min Han a Jami'ar Kolorado ya warware ƙullin. Gurbin da rukunonin biyu ke gadi shi ne lin-3 da kansa, wato gurbin saƙon. Idan aka ɓata A da B tare, ƙwayoyin da ba su da hurumin fitar da LIN-3 sai su fara fitarwa, ciki har da fatar da ke kewaye da shidan, kowacce ta ji kamar AC ce ke kiranta. Idan aka rage LIN-3 a fatar, nakasar ta lafa. A 2011 aka ƙirga kwafin RNA na lin-3 ɗaya-ɗaya a jikin tsutsa, aka ga a lafiyayya 'yan wurare kaɗan yake, a mai nakasa kuwa ya bazu ko'ina, kaɗan-kaɗan. Wannan kaɗan ɗin ya isa.

A ganina wannan shi ne wurin da ya fi cancanta a tsaya a kai. Mukan ɗauka ƙwarewar jiki tana wajen aika saƙo, alhali rabin aikin shi ne sa ɗaruruwan sauran ƙwayoyi su yi shiru. Kowace ƙwaya a jikin tsutsar tana da gurbin lin-3. Maganar AC tana da ma'ana ne kawai saboda ita kaɗai ke yinta a wannan kewayen. Kuma gadin har hawa biyu ne, in ɗaya ya faɗi ɗaya na riƙe, wanda ke nuna irin tsadar kuskure a nan.

Rukunin B yana da wani aikin ma. Tsutsar da ta rasa shi takan kunna guraben ƙwayoyin haihuwa a cikin hanjinta da fatarta. A yanayi mai sanyi tana jurewa, amma a ma'aunin zafi 26 da yawansu girma ke tsaya musu tun suna jarirai.

Saƙon da aka ji tun ana ƙwaya huɗu

Dangantakar tana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma, inda saƙo ke sauya kuromatin. Lokacin da ɗan tayi yake ƙwaya huɗu, ABa, ABp, EMS da P2, zaman da suka yi ya sa P2 tana taɓa ABp da EMS amma ba ta taɓa ABa. Kowacce daga cikin biyun da irin saƙon da take aika mata.

EMS tana samun saƙon Wnt. Idan ta rabu, 'yar da ke kusa da P2, wato E, ita ke haifar da ƙwayoyi 20 na hanji, ɗayar kuma, MS, ta ba da tsoka da wani sashe na maƙogwaro. Furotin ɗaya ne, POP-1, ke zaune a kan guraben hanji a cikin su biyun. A MS yana da yawa, yana janyo HDA-1 ya cire asetil, guraben su rufu. A E saƙon ya rage shi a cibiya ya kuma haɗa shi da abokin aiki mai suna SYS-1, sai wanda yake dannewa ya koma mai kunnawa.

Na ABp ya fi ban mamaki. ABa da ABp tagwaye ne na gaskiya. James Priess ya taɓa musanya musu wuri da ƙaramar allura a 1987, tsutsa ta fito daidai. Abin da ya raba su shi ne saƙon Notch da P2 ke aika wa wadda ta taɓa. Can gaba, bayan rabuwa da yawa, a cikin kan tsutsa akwai ƙwayoyin jijiya biyu masu ɗanɗanar gishiri, ASEL a hagu, ASER a dama. Kamarsu ɗaya, wurin zamansu ya yi daidai, amma ta hagu tana motsawa idan gishiri ya ƙaru, ta dama idan ya ragu. Ta hagu jikar ABa ce, ta dama jikar ABp. Abin da ke bambanta su wani ɗan guntun RNA ne, lsy-6, da ke kunnuwa a hagu kaɗai. Mai kunna shi kuwa, CHE-1, yana nan a cikin su biyun daidai wa daida. To ta yaya ƙwayar da ba a ma haife ta ba lokacin da aka yi saƙon take tuna shi?

Luisa Cochella da Oliver Hobert na Jami'ar Kolumbiya a New York suka ba da amsar a 2012. A zuriyar ABa, wadda Notch bai taɓa ba, wasu furotin biyu, TBX-37 da TBX-38, suna bayyana na ɗan lokaci tun da wuri, su sassauta naɗin kuromatin a kan gurbin lsy-6, sannan su ɓace. Ƙwayoyin su ci gaba da rabuwa, kowace 'ya tana gadon gurbin a sassauce. A zuriyar ABp saƙon Notch ya hana furotin biyun fitowa, gurbin ya tamke. Ranar da CHE-1 ya zo, a hagu ya tarar da hanya, a dama bai samu ba. Saƙon da ya ɗauki 'yan mintuna, yanayin naɗin DNA ne ya riƙe shi har zuwa lokacin bukata. Har yanzu ban ga misalin da ya fi wannan nuna cewa tarihin ƙwaya abu ne na zahiri da ake iya gani a madubi ba.

Ƙwaya tana iya sauya sana'a?

Ƙwayoyin ɗan tayi na farko-farko suna da sauƙin juyawa: idan aka tilasta musu furotin mai kunna guraben tsoka, kusan duka sai su nufi zama tsoka. Bayan 'yan sa'o'i wannan dama ta wuce. Ɗakin binciken Susan Mango ya nuna a 2009 cewa rufewar damar tana bukatar MES-2, enzayim ɗin da ke manna metil a H3K27, ɗan ƙungiyar da ake kira PRC2. Susan Strome ce ta daɗe tana bin wannan ƙungiya, kuma a 2014 ɗakinta ya nuna cewa alamar tana bin kuromosom daga iyaye zuwa ɗan tayi, amma in babu enzayim ɗin da zai riƙa sabunta ta, tana dusashewa da kowace rabuwa.

A 2011 Baris Tursun da Hobert sun cusa CHE-1 a duk jikin tsutsar da ta girma. Kusan ba abin da ya faru. Sai suka rage LIN-53, wanda shi ma ɗan rukunin B ne kuma mai riƙe histon. Nan take ƙwayoyin haihuwa suka fara zama ƙwayoyin jijiya, har da dogayen rassa irin nasu. Rage PRC2 ma haka ya yi. Daga baya Tursun, a ɗakinsa na Balin, ya nuna cewa ƙarfafa saƙon Notch a ƙwayoyin haihuwa yana raunana rufin PRC2 ya sauƙaƙa juyawar. Wannan yana da muhimmanci ga masu nazarin sankara, domin Notch da PRC2 duka suna cikin abubuwan da ke lalacewa a wani nau'in sankarar jini ta yara.

Tsutsar ma tana yin irin wannan juyi da kanta, ba tare da hannun mai bincike ba. A duburarta akwai ƙwaya mai suna Y, cikakkiyar ƙwayar bango da ke aikinta tun ƙyanƙyasa. Tana tsakiyar ƙuruciya sai ta saki maƙwabtanta, ta zubar da kamanninta, ta matsa gefe ta zama ƙwayar jijiya mai suna PDA, wata ƙwayar kuma ta cike wurin da ta bari. Ba ta rabuwa a hanya, kuma a kowace tsutsa mata-maza haka take yi. Sophie Jarriault, da ke Strasbourg a Faransa, ita ta mayar da wannan ƙwaya fagen bincike. Saƙon LIN-12 tun a ɗan tayi shi ke ba Y asalinta, wasu furotin masu kunna gurabe kuma su ke tuƙa juyin. A 2014 ɗakinta ya duba rabon kuromatin a ciki. Akwai ƙungiyar SET-2 mai manna metil a H3K4, da JMJD-3.1 mai cire shi daga H3K27, kowanne da matakin da yake shiga. Da aka ɓata su, yawancin tsutsotsi sun kammala juyin lafiya, kaɗan ne Y ta maƙale musu a hanya. Amma da aka sa tsutsotsin cikin matsi, adadin masu maƙalewa ya ƙaru sosai, alhali tsutsa mai cikakkun enzayim ɗinta tana kammala juyin ko a cikin matsin.